Turaku Goma Sha Ɗaya

Kakana Barau kuza ya haƙa a Bukuru.
Ramin da ya bari ya zama tafki, kore shar,
yara na jifan kwaɗi a bakinsa.
Ni tawa haƙar a waya take,
ƙarfe biyun dare, bargo har kunne,
sanyin Jos na cizon ɗan yatsan da nake latsawa da shi.

Davou ne ya ɗora ni, a shagonsa na Dilimi,
yana naɗe cajar wata mata da salatif:
"Sunan shafin intanet fili ne, Sabi'u.
Ka riga mai kuɗi zuwa, ka kafa turke.
Ran da ya tashi gini, kai zai nema."

Sai na kafa goma sha ɗaya,
da kuɗin adashen yayata Uwale.
Dankalinjos. Kabejinfaringada. Accarfilato.
Har da wani dogo mai karan ɗori biyu
da ni ma sai na duba takarda kafin in rubuta shi.

Wata bakwai,
shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Rannan saƙo ya faɗo, wai daga Dubai:
dala dubu huɗu a kan kabejina!
Na yi sujada a kan siminti.
Kafin azahar na taya babur biyu a hanyar Bauchi.
Ya ce sai dai a fara biyan mai tantance daraja,
dala saba'in kacal, ga inda za a tura.
Na tura.
Ko tari bai sake yi ba.

Shekara ta zagayo, ashe filin haya ne.
Ba ya tsirar da ko yakuwa,
amma mai shi na karɓar galla, da dala,
dalar kuwa ta haye dutsen Shere ta ƙi saukowa.
Takwas na saki, ina kallo suka koma daji.

Wadda ta zo daga ƙarshe ba daga Dubai take ba.
Ngo Kaneng ce, mai acca a Farin Gada,
'yarta ta gama jami'a, za su riƙa aikawa Legas.
Ta yi ciniki kamar tana gaban tiya:
"Suna ne fa, ɗana, ba buhu ba."
Na ce albarka. Ta gyara ɗaurin zani, ta juya.
Na ce dawo, Mama.
Dubu tamanin da biyar, da mudu biyu gyara.

Na buga lissafi a bayan kwalin magani:
har yanzu da saura kafin uwar kuɗi ta dawo.
Na kai wa Uwale rabi, ta dafa gwaten accar,
ba ta tambaye ni komai ba.

Barau yakan ce sai ka wanke kwano ɗari na laka
kafin baƙin yashi ya cika maka cokali.
Yau suna ɗaya na hango, gajere.
Ban saya ba tukuna.
Ina ta faɗinsa a fili, in ji ko baki zai so shi.