Ƙugiyar Ɗakin Inna

Dillali ya zo da hantsi, Attayib sunansa,
yana share gumi da gefen rawani.
Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa randa, ya ɗaga kai,
ya ce, "Gida dai gida ne, amma ɗakunan nan tanderu.
Mai saye a Kassala sama yake fara kallo.
Ku rataya fanka uku, ni na san yadda zan ƙara kuɗin."

Na ce to.
Yayana Mudassir ya turo kuɗi daga Dammam
tun kafin a kira la'asar, ko tambaya bai yi ba.

Shekara goma sha ɗaya Inna tana wannan magana,
ba da ƙarfi ba, kamar mai gaya wa tukunya:
"In an sayar da albasar bana."
Aka sayar da albasa, kuɗin makaranta ya cinye.
Wata shekara kogin Gash ya tumbatsa ya kwashe katanga.
Wata shekara idon Baba.
Wata shekara ni, da lefen da ya fi ƙarfina.
Sai ta ja gadon igiyarta ƙarƙashin darbejiya
da maficin kaba wanda ta ɗinke wa baki da tsohon zane,
tana kaɗa wa jikoki, tana kaɗa wa jabanar da ke kan gawayi,
in hannu ya rage, ta kaɗa wa kanta.

Usta Khalafalla ya zo da tsani da yaronsa,
sukudireba a bayan kunne, waya a wuya kamar carbi.
Falo bai ba shi wahala ba.
Ɗakin baƙi, gidan zanzaro ya zubo masa a ka.
Da ya hau a ɗakin Inna sai ya tsaya.
"Wa ya kafa wannan?"
Ƙugiya ce, a tsakiyar ƙarfen rufi, ta yi tsatsa.
Na tuna. Baba ne, da hannunsa,
shekarar da albasa ta yi kyau, ya ce saura fankar kawai.
"Aiki mai kyau," in ji Usta. "Ba sai na huda ba."
Ya rage mini kuɗin hudawa.
Na so ya bar shi.

Ya murɗa makunni.
Fikafikai uku suka yi miƙa, suka ɗauki hanya.
Kalandar bara ta ɗaga shafi ta sauke.
Mayafinta da ke kan ƙusa tun ranar arba'in
ya motsa, ya motsa,
ƙanshin turaren wuta ya fito daga inda ya ɓuya.
Yaron Usta ya ce, "Kai, iska!"
Na fita tsakar gida, wai zan duba mita.

Ran Talata masu saye suka zo, mata da miji.
Matar ta tsaya daidai inda gadon yake da,
ta lumshe ido, ta ɗan sassauta lulluɓi,
ta ce, "Mutanen gidan nan sun sha daɗi."
Attayib ya ƙyafta mini ido.
Kuɗin da suka faɗa ya zarce na makon jiya
da abin da zai sayi fanka talatin.

Daren ƙarshe na kwana a ɗakin, a tabarma.
Na sa ta a lamba ɗaya, yadda tsohuwa za ta so,
kada sanyi ya kama mata gwiwa.
Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Na ji fikafikan suna rage gudu, suna ragewa,
har zafin dutsen Taka ya dawo ya zauna a ƙirjina.

Na lalubi bayan ƙofa.
Yana nan, bakinsa ya fara warwarewa.
Shi ba ya cikin ciniki.