Alwatika Miliyan Goma Sha Ɗaya

A Tartu, a hawa na uku,
ƙarfe huɗu bai cika ba rana ta tattara nata.
Kogi ya daskare har tsakiya.
Leelo ta ja linzamin kwamfuta hagu kaɗan,
ta saki, ta naɗe hannu.

Ɗaya. Biyu. Bakwai.
Fanka na huci a ƙarƙashin tebur.
Sai a goma sha biyu ƙwallon ya muskuta,
ɓawon ƙwayar cuta, shuɗi da ja,
ya juya da ƙyar, kamar mai ciwon baya a tabarma,
ya sake sandarewa.

“Taavi,” ta ce, “saura kwana tara in tsaya gaban malamai.
Haka zan tsaya ina ƙirga musu daƙiƙa?”

Ni ne Taavi. Ni na gaji manhajar nan
daga wani da ya yi ritaya ya koma kiwon zuma.
Na buɗe cikinta da daddare,
shayi na hucewa a gefe.

Ashe fatar nan mai santsi ba fata ba ce,
ɗinki ne: alwatika kan alwatika,
miliyan goma sha ɗaya,
kuma baiwar Allah tana kai su wurin katin zane
ɗaya bayan ɗaya,
jidar kogi da cokali.
Tana zana bayan da ba a gani.
Tana zana ciki, lunguna rufaffu
waɗanda ido bai taɓa leƙawa ba,
tana shafa musu haske da inuwa da ladabi,
mai share ɗakin da aka toshe ƙofarsa.

Na ce mata: ɗaure su dami guda, ki kai sau ɗaya,
su zauna can.
Abin da ya ba mu baya, mu ba shi baya.
Na nesa, a haɗa goma su zama ɗaya,
wa ke ƙirga gashin wanda ke tsallaken titi?

Asuba ta same ni ina zabge lissafi.
Miliyan sha ɗaya ta koma dubu ɗari huɗu.
Na taɓa linzami,
ƙwallon ya wulwula kamar katantanwa a hannun yaro.
Na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo.

Leelo ta shigo da ƙanƙara a kafaɗa.
Ta juya shi, ta juya,
ta matso da shi kusa.
Ba ta yi murmushi ba.

“Ina ramina?”

Akwai wani ɗan gurbi tsakanin furotin biyu,
bai kai komai ba,
inda magani zai iya maƙalewa, in an dace.
Shekara huɗu tana zaune a bakinsa.
Ni kuwa na bi ta kansa da dutsen guga,
ya zama sumul.
Garin gyaran gira na tsone ido.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera.
Ta ɗora yatsa a gilashin, wurin ya yi tabo:
“Nan. Ka bar min nan yadda yake.
Sauran, yi yadda ka so.”

Sai muka koya wa manhaja rowa da kyauta:
in hannu na tafiya, ta zana sama-sama,
in hannu ya tsaya, ta cike kowane saƙo,
gurbin nan kuwa ko ana gudu
kada ta rage masa alwatika ɗaya.

Ranar, ina kujerar baya.
Ta juya ɓawon a hankali, da gangan,
a hankali fiye da yadda na so.
Ta tsaya. Ramin ya buɗe baki.
Wani tsohon farfesa ya cire tabarau,
ya goge, ya mayar.

Tabon yatsan yana kan allona har yau.
Mai shara ta tambaye ni sau biyu.