Teburin Baba Ya Koyi Tafiya

Shekara ashirin da shida yana tsaye a kusurwa ɗaya,
katakon maɗaci, ƙafafu na ƙarfen layin dogo,
bais a gefensa kamar haɓar tsohon soja.
Baba ya ce masa: zauna nan. Ya zauna.
Baba ya tafi bai ba shi izinin tashi ba.

Ni nake zuwa gaishe shi.
In rungumo kan inji daga bakin ƙofa,
taku goma sha ɗaya, na sha ƙirgawa,
ƙuguna yana nasa lissafin daban.
Damina ta faɗi, kwanon rufi ya zaɓi daidai kansa ya yi yoyo,
muka riƙa tara masa roba kamar majinyaci.

Ran Laraba na shiga Panteka.
Istifanus mai walda ya zazzage mini buhu:
tayoyi huɗu, baƙaƙe, masu juya wuya kamar mujiya,
biyu da birki, biyu ba ruwansu.
"Na amalanken masaƙa ne," in ji shi,
"tun Kakuri tana Kakuri.
Sun ɗauki dilar atamfa, sa ɗauki tebur."
Muka ja ciniki har shayinsa ya huce,
ya ƙara mini washa takwas gyara.

Da jak ɗin mota muka ɗaga shi, ni da Gambo,
ƙafa ɗaya bayan ɗaya,
kamar masu gwada wa tsoho takalmin salla.
Huji huɗu kowace ƙafa.
A na tara aka ɗauke wuta,
muka zauna ɓarar gyaɗa har la'asar.
Kusa ta bi rami, noti ya bi kusa,
masu birki a gaba, inda ƙafa za ta same su.

Na sa yatsa biyu na tura.
Ya yi nishi sau ɗaya,
ya tafi.

Gambo ya saki salati.
Ashe daben ma gangare ne, ba mu taɓa sani ba.
Tebur ya nufi ƙofa da kansa
zai je ganin titin Kurmin Mashi,
sai da muka bi shi a guje, na take masa birki
saura taku ɗaya ya gaisa da kwata.

Muna dariya muka waiwaya.

Inda ya tashi, siminti fari tas,
bai taɓa sanin baƙin mai ba.
Gurbi huɗu da ƙafafunsa suka ci.
Sule biyu, busasshen ƙadangare,
ƙwayar carbin Baba guda uku,
da sufana lamba goma.

Na sunkuya. Ƙuguna bai ce uffan ba.
Jan fenti a wutsiyarta. Ita ce.

Saboda ita na tara yara a nan, shekara tara ke nan,
na sa Sallau ya juye aljihunsa gaban kowa.
Naira talatin da ɓarin goro.
Na ce mai ɗan hali ba ya wuni a garejina.
Bai yi kuka ba.
Ya wanke hannu da fetur,
ya ninke rigar aikinsa,
ya ɗora a kan wannan teburin,
daidai saman inda take kwance tana jinmu.

An ce yana Kawo yanzu, yana gyaran keke mai ƙafa uku,
har da yara biyu a ƙarƙashinsa.

Yau tebur ke zuwa inda mota take.
Yana bin inuwa da rana, yana kauce wa yoyo,
abin da ƙarti huɗu ba sa ɗagawa
yaro na juya shi da gwiwa.

Sufanar kuwa kwananta shida a aljihuna.
Daga nan zuwa Kawo mota ɗaya ce.
Kullum sai in ce gobe.

Istifanus,
duba mini buhun nan da kyau,
ko da sauran guda biyu
daidai ƙafar mutum,
marasa birki.