Abin da Tumatir Ya Mayar

Kakana ya baro ramin kuza na Bukuru
da tari a ƙirji, da dutse guda a aljihu.
Ba kuza ba ne, ba wanda ya taya.
Kamar ƙanƙarar da ta manta narkewa,
gefe shida, kan ya ɗan ɓalle.
Shekara talatin yana danne rasidin haya a bakin taga.

Wata Laraba, ruwan Agusta ya ɗauke,
rana ta zuro yatsa ta hujin kwano
ta taɓa shi.
Sai bangon ɗakinmu ya yi ado:
ja, ruwan goro, ɗorawa, tsanwa, shuɗi,
baba irin na karofi,
da shunayya can gefe, tana noƙewa kamar baƙuwa.
Hansatu ta tara tafin hannu,
ta damƙe, ta buɗe. Wayam.

Ta ce, "Inna, ba dutsen ya rina ba.
Malama Kangyang ta nuna mana da kofin gilashi.
Farin hasken nan ayari ne,
tafiya ɗaya suke, taku ne ya bambanta.
Ja mai dogon taku ne,
shunayya kuwa sai ƙananan sawu, kamar ɗan tsako.
In suka shiga dutse, tafiya ta yi nauyi,
kowa ya karkace gwargwadon takunsa,
asirin ayari ya tonu."

Na ce to, malama, a tashi a hura wuta.

Amma maganar ta bi ni har Farin Gada.
Asuba, sanyi na cizon kunne,
ina kwance bakin kwando,
na tuna sauran abin da ta ce:
wai tumatir shanye launuka yake,
ya haɗiye shuɗi, ya haɗiye tsanwa,
ja kaɗai yake mayarwa.
Ashe shekara goma sha tara
ina kasa abin da tumatir ya ƙi ci,
mutane na taya shi, suna cewa wannan ya nuna.
Kabejin Davou ya ƙi tsanwa.
Karas ya ƙi ruwan goro.
Gawayin Tabawa bai ƙi komai ba,
shi ya sa ya yi baƙi, don haɗama.
Farin buhu kuma duk ya mayar, hannunsa wanke.

Na yi dariya ni kaɗai,
har mai amalanke ya waiwayo.

Wai kuma akwai na bayan ja, ido bai kai ba,
fata ce ke jin sa, shi ne ɗumin da muke bi da safe.
Akwai na gaban shunayya, ƙudan zuma ke gani
a jikin furen da muke cewa rawaya ne kawai.
Tagar idonmu ƙarama ce,
mu kuwa muna rantsuwa mun ga duniya.

Da yamma, a hanyar gida,
rana ta yi ƙasa, tafiyarta cikin iska ta yi tsawo,
shuɗi ya watse a hanya,
ja ne kaɗai ya iso, ya kwanta kan duwatsun Shere.
Na tsaya da kwando a ka.

Kakana bai taɓa shiga aji ba.
Ban san me ya gani a dutsen nan ba
ranar da ya tsince shi cikin laka,
ya goge a wandonsa, ya ƙi jefarwa.
Duniya ta ba shi rami, da tari, da sule biyu.
Duk ya haɗiye.
Abin da ya mayar mana shi ne wannan,
da ke fitowa a bango in an yi sa'ar rana,
ya yi kamar shan shayi ɗaya, ya tafi.

Har yau ban sa an toshe hujin kwanon ba.
In ruwa ya zo, roba nake tarawa.