Ɓauren Aydin

A Aydin, inda ɓaure ke bushewa a reshe
kafin ya faɗo don kansa,
Nevzat ya shekara talatin da huɗu yana awo.
Farashi a yatsunsa yake.
Ya matsa ɗaya, ya tsaga, ya kai hanci,
ya ce da manomi, "Naka ya sha raɓa."
Ba mai musu.

Labari kuwa sai an zauna.
Shayi a ɗan kofi mai siririn ƙugu,
direba ya faɗi abin da ya gani a tashar jirgin ruwan Izmir,
rabi gaskiya, rabi gishiri,
tsoho ya san inda zai tace.

Bana 'yarsa Gulizar ke riƙe da littafi.
Ba ta zaman shayi. Waya take tambaya,
manhajar nan mai hira
da ba ta barci, ba ta hamma,
ba ta cewa bari in kwana da maganar.
"In sayar yanzu ko in ajiye?"
Amsa ta iso shayi bai huce ba,
sumul, kamar an bi ta da dutsen guga:
girbi ya ragu, Turai za ta nema kafin Kirsimeti,
a ajiye.

Suka ajiye. Buhu ɗari huɗu, har rufi.

Ashe Remzi na ƙofar gaba ya yi tambayar nan,
haka 'ya'yan Sabahattin,
haka bazawarar da ke da babban sikeli.
Rijiya ɗaya, guga arba'in.
Layi guda ya kulle sito rana ɗaya,
ya buɗe a mako ɗaya.
Ɓaure ya malale kasuwa kamar an fasa madatsa,
baƙon Hamburg ya harɗe ƙafa
yana taya wa a wulaƙance.

Nevzat bai ce na faɗa miki ba,
don bai faɗa ba.
Shi ma amsar ta yi masa daɗin kunne.
Kuma ita ce ta rubuta musu wasiƙa da Jamusanci,
ita ta gano sifirin da ya ɓace a takardar kwastan,
ba don ita ba da kaya sun kwana wata a tasha.
Ta ina za ka fara zagin wanda ya yi maka wannan?

Da dare, sito na ƙamshin zaƙin da bai sayu ba,
ya ɗauki wayar, ya gyara tabarau,
da yatsa ɗaya, wanda yake matsa ɓaure da shi,
ya rubuta: "Wa da wa kika gaya wa?"

Ta ce, cikin ladabi, ba ta sani ba.

Karon farko ke nan da ya ji haka daga bakinta.
Ya ɗan ji ta kwanta masa a rai.

Da safe Gulizar ta ja kujera wurin shayi,
ta kife wayar kusa da sukari.
Direba yana ta zuba.
Hannunta bai yi nisa da wayar ba.