Ƙararrawa Uku

Da aka rufe ramin kwal na garinmu a Silesiya,
hasumiyar ce kawai aka bari tsaye,
tsatsa na cin ta, tantabaru na gadinta.
Shekara goma sha ɗaya ba ta ɗaga kowa ba,
ba ta sauke kowa ba.

Sai ga masu kuɗi da takardu a hammata.
Suka ce, Halina, ke injiniya ce,
gina mana abin da mutum zai sayi tikiti
don a tsinka masa zuciya.
Fatalwa muke so, mai jan ido, mai farce zaƙo-zaƙo.
Na ce fatalwar garin nan ba ta da farce,
tari take yi.

Ubana Alojz ya shekara talatin yana jan kejin ramin.
Tun ban iya karatu ba na haddace yarensa:
bugu ɗaya, tsaya,
biyu, saki,
uku, mutane ne a ciki, bi a hankali.
Wata asuba ta hunturu aka buga uku,
ya taka birki, birki ya ƙi.
Mutum tara.
Har da Achim, ƙanen uwata, da burodinsa a aljihu.
Tun ranar ubana bai ƙara taɓa ƙararrawa ba,
ko ta ƙofar gida.

To, na zauna na zana.
Mita sittin da biyu, kujera goma sha shida,
na lulluɓe hasumiyar har rana ta rasa ƙofa.
Na sa fanka mai hura sanyin ƙarƙashin ƙasa,
da warin jiƙaƙƙen kwal,
da fitilun goshi tara jere a bango,
kana hawa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.
Masu kuɗi sun ɗauka ado ne. Ban gyara musu ba.

Faɗuwar ba komai ba ce, daƙiƙa uku ta ƙare.
Jira ne ke cin mutum.
Shi ya sa na hana injin riƙe al'ada:
yau huɗu zai rataye ka a sama, gobe sha ɗaya,
har mai ƙirge ya ɓata lissafi,
mai dariya ya ji bakinsa ya bushe,
sannan daga cikin duhu
ƙararrawa ta buga uku.

Abin da ba a rubuta a allon ƙofa ba yana ƙasa.
Maganaɗisu jere biyu, faifan tagulla a gindin keji.
Ba sa taɓa juna, ba sa jiran ƙafar kowa,
ba ruwansu da lantarki.
Ko garin duka ya yi duhu,
ko mai tsaron injin ya suma a kan kujerarsa,
gudun kejin da kansa ke haifar da abin da zai tare shi.
Wata bakwai ina jefo buhunan yashi daga sama
kafin na yarda a ɗora ɗan mutum.

Ranar buɗewa na turo ubana a keken guragu.
Bai kalli kwarangwal ɗin roba ba,
bai karanta tatsuniyar da suka liƙa ba,
ta wani mahaƙi da ya ƙi barin ramin.
Ƙofar fita ya nuna, can na ajiye shi.

Aka buga uku. Na ga yatsunsa sun damƙe bargo,
ƙafarsa ta dama na laluben abin takawa.
Ihu ya sauko kamar an yage sama,
sai huci,
sai shiru.

Suka fito gwiwa na rawa, suna dariya,
wata yarinya na neman takalminta.
Leɓensa na motsi, yana bin su ɗaya ɗaya.
Sha shida, ya ce.
Ya gyara hularsa.
Kada ki mai da ni gida tukuna,
bari in ga na gaba.