Zaɓen Iri

Ranar Alhamis, awar ƙarshe, alli ya kusa ƙarewa,
na zana itace a allo, reshe na fita daga reshe:
kifi can ƙasa, kwaɗo, ƙadangare, jemage,
mu kuma a wani ɗan tsiro na gefe.
Sabi'u, mai zama bakin taga, ya ɗaga yatsa:
"Mushe, da asuba na gan ka a sahun gaba.
Wanne ne naka na gaskiya, can ko nan?"
Aji ya yi tsit. Aka buga ƙarfen tashi.
Ƙarfen ya cece ni, ban ji daɗin ceton ba.

Asabar na hau babur zuwa Jiratawa.
Na iske Gwaggo Cima a gindin rumbu,
ta baje zangarnu a tabarma tana zaɓen iri.
Wannan doguwa ce amma ta rame, gefe.
Wannan tsuntsu ya sha kanta, gefe.
Wannan gajera, ba ta da kyan gani,
sai dai ita ta nuna shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.
Ta ɗaure ta da kaba, ta sa a cinya kamar jika.

"Hatsin da uwata ta daka ba wannan ba ne," in ji ta.
"Wancan sai ya yi wata huɗu yana yanga.
Damina ta gajarta, shi ma ya rage tsawon zance."
Ta nuna bakin gona da haɓa:
"Ga shibra can, mai zubar da ƴaƴanta kafin girbi.
Danginsa ce. Ita dai ta ƙi zaman gida."

Na ce, "To Gwaggo, wa ya yi hatsin nan, ke ko Allah?"
Ta yi mini kallon da take yi wa akuya in ta leƙa ɗaki.
"Kai da bokonka. Na taɓa ƙera ƙwaya?
Zaɓe nake.
Hannun da nake zaɓen da shi ma aro ne."

Da dawowa na tsaya bakin gulbi.
Yashi ne fari fat, ko ɗigo babu,
amma wasu yara sun tona kamu biyu
suna cika jarka.
Ruwan na tafiya a ƙasa, ba ya sallama da kowa.

Na tuna Hurera tun tana ciki,
ranar da likita ya juyo mana da gilashin hoto:
wani abu mai wutsiya, kamar talibambam,
yana motsi a duhu.
Wata tara tana sauya kama.
Ranar suna, duk wanda ya shigo cewa yake
Allah ya yi halitta,
ba wanda ya ce jinkirin ya rage masa iko.

Mu ne masu agogo.
Mu ne ke ganin in abu bai faɗo tim daga sama ba
to ba Shi ne ya aiko ba.
Wanda bai gaji da wata tara ba,
zai gaji da shekaru dubu sau dubu?

Ba zan ce na kwance kowane ƙulli ba.
Batun Baba Adamu da yumɓu
yana nan a aljihuna, yana taɓa ni in na yi ruku'u.
Na bar shi nan. Ban jefar ba, ban haɗiye ba.

Litinin na shiga aji da zangarniya biyu,
hatsi da shibra, na ajiye kan tebur.
Na ce, "Sabi'u, littafin nan na faɗa mini ta yaya.
Da asuba ina zuwa wurin Wanda ya yi."
Ya juya su a hannu, shibra ta zube masa a wando.
Ya ce, "Mushe, ban gamsu duka ba."
Na ce, "Ni ma.
Kakkaɓe wandonka, buɗe shafi na arba'in."